Layi Ɗaya, Wuta Iri Biyu: Muhawara kan Makunnin Sauya Ƙananan Jiragen Ƙasa Tsakanin Tsarin Dijital da na Gargajiya

Daga cikin sha'awoyin da suka daɗe da yin saiwa a Turai da Amurka da Japan akwai ta ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, waɗanda ake ƙerawa bisa ma'auni sananne, a shimfiɗa musu layin dogo a kan tebur ko a zagaye ɗaki da shi, sannan a tafiyar da su da wutar lantarkin da ke bi ta cikin ƙarfen dogon kansa. Ma'aunin da ya fi kowanne yaɗuwa shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage girman jirgin gaske sau 87, tazarar da ke tsakanin dogo biyun kuwa ta zama milimita 16.5, sai kuma ma'aunin N, mai rage girman sau 160 a kan tazarar milimita 9. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 ma'abota wannan sha'awa suka rabu gida biyu a kan hanyar sarrafa jiragen, wasu suka zauna a kan tsarin gargajiya, wasu suka koma na dijital, kuma a tsakanin gidajen biyu ne wata tambaya ta taso wadda har yau ba a daina ja-in-ja a kanta ba, wato ko ya dace a ja wayoyin layi ɗaya ta yadda za a iya juya shi daga wannan tsari zuwa wancan da makunni guda.

A tsarin gargajiya, wanda ake kira DC saboda wutarsa miƙaƙƙiya ce mai gudana ta fuska ɗaya, dogo guda yana ɗauke da fositif, ɗayan kuma nagatif, ƙafafun kan jirgin su kwashi wutar su miƙa ta kai tsaye ga ɗan injin da ke cikinsa. Mai tuƙi yana murɗa totur, ƙarfin wutar ya tashi daga sifiri zuwa kimanin bolt 12, gudun jirgin ya ƙaru daidai da haka, idan kuma yana so jirgin ya ja da baya sai ya sauya wa fositif da nagatif wuri. Tun da dogon ne mai tuƙi yake sarrafawa, duk kan jirgin da ke bisa wannan dogo zai motsa tare da sauran, ko ana so ko ba a so. Maganin da aka samo wa wannan tun da daɗewa shi ne a yanka layin zuwa yankuna, a bar ɗan giɓi ko a sa mahaɗin roba tsakanin yanki da yanki domin kada wuta ta tsallaka, sannan a ba kowane yanki makunninsa da zai zaɓi toturin da zai ciyar da shi, na farko ko na biyu. Da haka mutum biyu za su iya tuƙa jirage biyu a lokaci guda, muddin kowannensu yana kunna yankin da ke gaban jirginsa kafin ya isa, yana kuma sakin wanda ya bari a baya.

Tsarin dijital ya ɗauke sarrafawar daga dogo ya mayar da ita cikin kan jirgi. An yi ƙoƙari da dama a wannan fuska, kamar Zero 1 na kamfanin Hornby na Ingila a 1979, da kuma tsarin dijital na Märklin na Jamus a tsakiyar shekarun 1980, amma kowane kamfani da nasa harshen, kayan wannan ba sa jin umarnin wancan. Wanda ya zama gama-gari shi ne DCC, wanda ya samo asali daga aikin Bernd Lenz da kamfaninsa da ke Giessen a Jamus, kuma ƙungiyar NMRA ta Amurka, wadda tun 1935 take tsara ƙa'idojin wannan fanni, ta karɓe shi a matsayin ƙa'ida a 1994. A wannan tsari wuta tana kan dogo ko da yaushe da cikakken ƙarfinta, kimanin bolt 14 zuwa 15 a ma'aunin HO, sai dai tana sauya fuska sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, kuma tsawon lokacin da take ɗauka kafin kowace sauyawa shi ne saƙon: idan ta tsaya a kowace fuska na kimanin kashi 58 cikin miliyan na daƙiƙa, an rubuta lamba 1 ke nan, idan kuwa ta kai kashi 100 ko fiye, an rubuta 0. Akwatin umarni ne ke tsara saƙon, wata na'ura da ake kira busta ta ƙara masa ƙarfi kafin ya hau dogo, a cikin kowane kan jirgi kuma akwai ɗan allo da ake kira dikoda, mai lambar adireshi tasa ta kansa, wanda ke sauraron saƙonnin duka, ya yi watsi da na wasu, ya aiwatar da nasa, ya kuma tace wa injin wutar da ta dace da umarnin. Jirage goma za su iya zama a yanki ɗaya kowanne na harkar gabansa. Sai dai wutar da ke ɗauke da ƙarfi ita ce dai wadda ke ɗauke da saƙo, kuma wannan ne ya sa ba za ta iya zama a dogo ɗaya da miƙaƙƙiyar wutar DC ba, ko na ƙiftawar ido.

Masu goyon bayan makunnin sauyi suna fara hujjarsu ne daga abin da ke jibge a kabad. Mutumin da ya shafe shekaru yana tara kawunan jirage kafin zuwan DCC ba zai iya sa musu dikoda a dare ɗaya ba, wasunsu ma ba za su taɓa karɓarsa cikin sauƙi ba. Sababbin ƙira suna zuwa da soket a shirye, mai rami 8 ko 6 ko 21 bisa ƙa'idojin da aka yarda da su, a zare toshiyar da ke ciki a cusa dikoda, aikin 'yan mintuna. Tsofaffin kuwa, irin na Athearn na Amurka da aka yi shekaru ana sayarwa, ko na Ingila masu gangar jiki tsage biyu kamar na Mainline da Bachmann na farko, injinsu yana shan wuta ne ta jikin ƙarfen kan jirgin kansa, kuma dole a raba shi da wannan ƙarfe gaba ɗaya kafin a sa dikoda, in ba haka ba dikodan ya ƙone a kunnawar farko. A ma'aunin N sau da yawa sai an goge wani sashe na ƙarfen kafin a sami gurbin da allon zai zauna. Wasu tsofaffin injuna suna jan fiye da amfiya guda idan nauyi ya danne su, abin da ƙaramin dikoda ba zai jure ba, wasu kawunan kuma, irin su Hornby Dublo da Wrenn, darajarsu a wurin masu tara kayan tarihi tana cikin barin su yadda suka fito daga masana'anta. Idan aka haɗa da cewa dikoda mai fitar da sauti kan zarce tsohon kan jirgin da za a sa masa shi tsada, za a ga cewa wanda ya ce a bar masa hanyar tafiyar da tsofaffin kayansa ba taurin kai yake yi ba.

Hujja ta biyu ta shafi gyara, kuma ita ce ko masu adawa suke sallamawa. Dikodan zamani yana auna gudun injin yana ƙara masa wuta duk lokacin da ya ji ya yi sanyi, wanda hakan ke sa tafiya ta yi laushi, amma kuma yana ɓoye aibi: giya mai cijewa ko sandar ƙafa da ta karkace ba sa bayyana sai abin ya yi nisa. A kan DC babu mai rufa wa inji asiri, shi ya sa shawarar da aka saba bayarwa ita ce a gwada sabon kan jirgi a kan DC, a bar shi ya yi ta zagaye gaba da baya har gaɓoɓinsa su saki, kafin a buɗe shi a sa dikoda, domin idan matsala ta ɓullo daga baya a san daga inda ta fito. Sai hujja ta uku, ta zaman tare: a ƙungiyoyin masu wannan sha'awa akwai dattawan da kayansu duka na gargajiya ne, akwai kuma baƙon da zai zo da kan jirginsa a aljihu, kuma layin da ba ya karɓar kowa yakan rage wa ƙungiya jama'a.

Na'urar da ake magana a kanta ba wata aba ce mai wuyar sha'ani ba, kuma sauƙin nan nata shi ne ƙashin bayan hujjar magoya baya. Makunni ne mai sanda, wanda idan aka juya bayansa za a ga haƙora shida a jere, biyu-biyu sahu uku. Wayoyi biyun da ke zuwa dogo ana liƙa su da dalma a sahun tsakiya, na toturin DC a sahun wannan gefe, na bustan DCC a sahun wancan. Idan aka tura sandar gefe guda, sahun tsakiya ya haɗu da DC kaɗai, idan aka tura ta ɗaya gefen ya haɗu da DCC kaɗai, a tsakiya kuwa akwai matsayi na uku inda dogon ba ya haɗe da kowa. Ƙa'idarsa ɗaya ce da ta makunnin da ake juya gida da shi daga wutar gwamnati zuwa ta janareta, wanda dole ya saki ɗaya kafin ya kama ɗaya, ya kuma yanke wayoyin biyu a tare. Muddin an kiyaye waɗannan sharuɗɗa, an kuma zaɓi makunnin da zai ɗauki amfiyar da bustan ke fitarwa, babu yadda za a yi wutar biyu su gamu a cikinsa.

Masu adawa ba su musanta buƙatun nan ba, ba su kuma ce makunnin mai haƙora shida yana da aibi ba. Abin da suke cewa shi ne, layin da ake zanawa a takarda daban yake da wanda ake tararwa a ƙarƙashin tebur. Yawancin layukan da ake son mayarwa masu tsari biyu an riga an gina su da yankuna da makunnan zaɓen totur, don haka hanyar da ta fi jan hankali ita ce a cire totur na biyu a ɗaura DCC a gurbinsa, ba tare da an taɓa waya ko ɗaya ba. Wannan dabara tana aiki lafiya lau matuƙar makunnan yankunan duka suna fuskantar gefe ɗaya, amma ranar da aka manta guda daga cikin ashirin, sai a sami yankin DC yana maƙwabtaka da yankin DCC, tsakaninsu giɓin da bai wuce kaurin kati ba. Kan jirgi yana ɗaukar wuta ta ƙafafunsa na gaba da na baya, kuma a cikinsa an haɗa su da waya, saboda haka da zarar ƙafafun gaba sun tsallaka giɓin alhali na baya ba su iso ba, shi kansa kan jirgin ya zama gadar da ta haɗa busta da totur baki da baki. Busta ya ji ana tura masa wuta ta ƙofar da ya saba fitarwa, toturin kuma ya sha wutar da ke juya fuska sau dubbai, duk wannan kokawa tana bi ta 'yan siraran ƙarafan da ke gogar bayan ƙafafun da wayoyin da ba su fi zare kauri ba. Busta mai amfiya 5 a kan bolt 14 yana iya zuba wat 70, fiye da abin da ƙarfen narka dalma na gyaran rediyo ke buƙata. Gaskiya ne yana da kariyar da ke yanke wuta idan dogo biyu suka haɗe, amma an tsara kariyar ne domin haɗewar dogo, shigowar baƙuwar wuta daga waje kuwa wani lamari ne da ba kowane busta ke tsira daga gare shi ba. Ba ma sai kan jirgi ba, ƙafar ƙarfe guda ta tarago da ta tsaya daidai kan giɓin ta isa.

Lamarin yana ƙara muni a layukan da aka ja wa waya bisa tsarin dogon tarayya, wanda kamfanin Atlas na Amurka ya yaɗa ta hanyar littattafansa da makunnansa. A wannan tsari dogo guda ne kaɗai ake yankawa, ɗayan a bar shi ya zarce ko'ina a matsayin hanyar komawar wuta ga kowa, abin da ke rage yawan wayoyi sosai. Amma ma'anarsa ita ce makunnan yankuna waya ɗaya kawai suke yankewa, don haka ko an kashe yanki, busta da totur suna nan a ɗaure da juna ta dogon tarayya, kuma a duk lokacin da wutar DCC ta juya ta saɓa wa ta DC, bambancin da ke tsakanin ɓangarori biyun giɓin yakan kai jimillar ƙarfinsu, wato 14 da 12 su zama bolt 26. A nan babu wata muhawara ta gaskiya, domin ko mafi zafin magoya bayan makunnin ba ya kare haɗa tsarin biyu yanki-yanki a kan irin wannan layi.

To ko da an yi komai bisa ƙa'ida, an sa babban makunni guda mai juya layin ɗungurungum, tsugune ba ta ƙare ba, domin makunnin yana raba na'urorin wuta ne kawai, bai san abin da ke zaune a kan dogo ba. Kan jirgi marar dikoda da aka manta a layin ajiya, ko cikin ramin dutse inda ido ba ya kaiwa, idan aka juya zuwa DCC ba ya motsawa, tun da wutar na tura injinsa gaba da baya daidai wa daida, sai dai ya riƙa fitar da wata siririyar ƙara yana ɗaukar zafi a tsaye, babu juyawar da za ta sanyaya shi. Injuna masu tsada irin na Faulhaber da Portescap, waɗanda naɗin wayarsu ba shi da ƙarfe a ciki da zai shanye zafi, su ne suke saurin mutuwa a wannan hali. Ƙwayayen fitila na bolt 12 da ke cikin taragun fasinja, waɗanda a DC ba safai suke samun cikakkiyar wuta ba, a DCC suna ci ba dare ba rana a kan abin da ya fi ƙarfinsu, har su kai ga narka rufin roba. Idan aka juya ta ɗaya fuskar kuma, akwai na'urorin tsabtace dogo masu aika wuta mai tsananin ƙarfi, irin na Relco da aka sani a Ingila, waɗanda ke zaune lafiya da DC amma suna kashe dikoda.

Akwai wani ɗan saiti a cikin dikoda da wannan muhawara ke yawan komawa kansa. Kowane dikoda yana da jerin ma'ajiyoyin lamba da ake tsara halinsa da su, kuma a ta 29, wadda ake rubutawa CV29, akwai gurbi mai darajar 4 da ke ba shi izinin tafiya a kan DC idan bai ji saƙon dijital ba. Yawancin dikodoji suna fitowa da 6 a wannan ma'ajiya, wato izinin a buɗe, idan aka mayar da ita 2 an rufe shi, ga masu dogon adireshi kuwa 38 ce ke komawa 34. Masu adawa suna nuna cewa barin izinin a buɗe shi ne sanadin abin da kowane mai DCC ke tsoro, wato kan jirgi ya ɗauki gurɓataccen saƙo a matsayin DC, ya ga cikakkiyar wuta a kan dogo, ya zabura da iyakar gudunsa ba tare da sauraron kowa ba. Sun ƙara da cewa a layi mai tsari biyu, duk kawunan da aka bar wa izinin za su tashi tare da zarar an murɗa toturin DC. Magoya baya suna da amsa mai kyau a nan: a rufe izinin a dikodojin duka, sai masu dikoda su zauna shiru a inda suke a ranar DC, ba sai an sauke su ba. Amsar ta warware rabin matsalar, sauran rabin, wato tsohon kan jirgi da ke gasuwa a kan DCC, ba shi da magani sai makunnin kashe kowane layin ajiya da kuma mutumin da zai tuna ya kashe shi.

Hujjar masu adawa da ta fi nauyi a ma'auni ba ta shafi ƙonewar komai ba, shi ya sa ba a cika ɗaga murya a kanta ba. Kayan taimako da yawa da suka sa DCC ya yi daɗin aiki an gina su ne a kan cewa wuta tana kan dogo kullum kuma tana juya fuska. Na'urar da ke sauya fuskar wuta da kanta a layin da ya kewayo ya koma kan kansa, da wadda ke ciyar da tsakiyar mararraba inda dogo biyu ke giciye, da masu yanke wuta na lantarki da ke keɓe sashen da aka sami haɗewa, da masu gano ko akwai jirgi a yanki ta hanyar zoben da waya ke ratsawa, galibinsu ba sa aiki a kan DC, wasunsu ma yana lalata su. Mai layi mai tsari biyu dole ya haƙura da su, ko kuwa ya ja wayoyinsa ta yadda kowannensu zai faɗo a ɓangaren DCC na makunnin, kuma da zarar layin ya girma har ya buƙaci busta biyu ko uku, makunni guda mai haƙora shida ya daina isa, sai an koma ga rile da yawa, wato makunnan da wuta ke juyawa, waɗanda babban makunni ɗaya zai riƙa jan su tare. A gefe guda kuma ba zai iya zubar da yankunan DC da tarin wayoyinsu ba, alhali DCC yana neman nasa: manyan wayoyi biyu masu kauri da ke bin ƙarƙashin layi, lamba 12 zuwa 14 a ma'aunin Amurka, da 'yan rassa da ke hawa zuwa dogo a kowace mita ɗaya ko biyu, domin ƙarfen da ake yin dogon da shi ba ya kai wuta kamar tagulla. Gwajin da aka saba yi shi ne a ɗora kwabo a kan dogo biyun a wuri mafi nisa, busta ya yanke wuta nan take. Idan bai yanke ba, to siraran wayoyi da tsofaffin makunnan yankuna sun rage wutar har ta kasa tayar da kariyar, amma ta isa ta narka ƙafar tarago. Sakamakon shi ne mai layin ya yi aikin waya na tsari biyu, ya kuma ci moriyar abin da tsarin biyu suka yi tarayya a kai kawai.

An yi ƙoƙarin kauce wa makunnin ta hanyoyi biyu, kuma kowacce ta biya wani ɓangare na buƙata. Ta farko ita ce tuƙa kan jirgi marar dikoda a kan DCC ta adireshi na sifiri, inda akwatin umarni ke tsawaita ɓangare guda na lambar 0 domin wutar ta rinjaya fuska ɗaya, injin ya bi rinjayen. Kayan kamfanin Digitrax da na Lenz suna da wannan dama, kamfanin NCE kuwa bai sa ta ba. Kan jirgi ɗaya kaɗai take ɗauka, ƙarar da zafin suna nan, kuma tsawaita lambobin yana jinkirta saƙon sauran jirage, don haka ta fi kama da hanyar gwaji ta ɗan lokaci. Ta biyu ita ce akasin haka, a bar layin a DC a dogara ga izinin CV29, amma dikoda mai sauti sai wuta ta kai wajen rabin totur kafin ya farka, wanda ke nufin gudun duka ya matse a sauran rabin, kuma ba ya tafiya daidai da tsohon kan jirgi idan aka haɗa su jan kaya ɗaya. Abin sha'awa ne a lura cewa masu manyan jirage na ma'aunin O mai dogo uku a Amurka ba su sha wannan wahala haka ba, domin tsarin TMCC da kamfanin Lionel ya fitar a tsakiyar shekarun 1990 yana aika umarninsa ne a matsayin siginar rediyo dabam da wutar da ke tafiyar da inji, kan jirgin ya saurara, in bai ji ba ya koma halin gargajiya. Haɗarin da ya rage musu shi ne tsohon kan jirgi ya tarar da bolt 18 a tsaye a kan dogo ya zabura.

Idan aka auna ɓangarorin biyu, za a ga cewa kalmar "sauyawa" tana rufe abubuwa biyu da ya kamata a yi wa hukunci daban. Sauyawa yanki-yanki, inda lafiyar kayan ta rataya a kan mutum ya tuna matsayin kowane makunni, ba ta da abin kare kanta, kuma dogon lokacin da wani ya yi yana amfani da ita ba tare da asara ba shaida ce ta natsuwarsa shi kaɗai, wadda baƙo ko jika ko gajiyar dare za su iya rushewa. Sauya layi ɗungurungum kuwa, da makunni mai yanke waya biyu mai matsayin tsakiya, abu ne mai hujja ga ƙaramin layi ko matsakaici mai busta guda, musamman ga wanda ke cikin ƙaura daga wannan tsari zuwa wancan a hankali. Wasu ma sun fi amincewa da abin da ya fi makunnin sauƙi, wato soket guda a jikin layin da fulogi biyu, na DC da na DCC, tun da rami ɗaya ba ya ɗaukar fulogi biyu, kuma jinkirin zarewa da cusawa yana ba mutum damar ɗaga kai ya dubi abin da ke kan dogo. Ga babban layi mai sigina da na'urorin gano jirgi da bustoci da yawa, hujjar masu adawa ce ta yi rinjaye, kuma buƙatun da magoya baya suka kawo, na gwaji da na tsofaffin kawuna da na baƙi, ana iya biyan su da zagaye guda na DC wanda babu mararrabar da ta haɗa shi da sauran layin. Haka wasu ƙungiyoyin NTRAK, masu haɗa layin ma'aunin N daga teburan membobi, suke yi da manyan layukansu uku da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, su ba DC ɗaya su bar wa DCC sauran, tare da hana tsallakawa tsakaninsu.

Fasaha ta fara shigar da makunnin cikin akwatin umarni kansa. Tsarin DCC-EX, wanda masu sa kai suka gina a kan allon lantarki na Arduino, ya fitar a 2023 da sigar da ke ba da damar a mayar da kowace mafitar wuta DCC ko DC ta hanyar umarni, a kuma tuƙa tsohon kan jirgi da totur ɗin da ake tuƙa sabo da shi, ko ma da wayar hannu. Wannan ya kawar da totur na dabam da kokawarsa da busta, ya kuma rage aikin dalma, sai dai yankin da aka mayar DC da maƙwabcinsa na DCC har yanzu giɓi ne kawai a tsakaninsu, don haka wanda ya ɗauki wannan hanya ma dole ya yanka dogo biyun a kowace iyaka, ya kuma tsara layinsa ta yadda jirgi ba zai sami hanyar ratsa iyakar ba sai ɓangarorin biyu suna kan tsari ɗaya.